Tsutsa a Buhunan Baban Balkisa

Aubervilliers, Alhamis 30 ga Oktoba, 1986

Zuwa ga ƙanena Illiassou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyin Lyon. Mu nan da sauƙi, alhamdu lillahi. Balkisa tana ɗan tari amma tana cin abinci. Takardarka ta ta'aziyya ta iso. Hassia maƙwabciyata ce ta ɗauko mini daga akwati, tunda ina takaba ba na sauka ƙasa. Na gode, Allah ya bar zumunci. Kakata da kakarka ciki ɗaya suka fito a Mirya, amma tun sunan Balkisa, shekara biyar ke nan, ban ƙara sa ka a ido ba, ga shi kana cikin waɗanda suka fara rubutowa.

Ka tambayi yadda abin ya faru. Baban Balkisa ba jinya ya yi ba. Ka san duk shekara in Oktoba ta kama yakan tafi kudu, can cikin duwatsun Ardeshi, ya yi sati biyu yana taya wani tsohon manomi tsintar maron, 'ya'yan itacen nan masu kwanso mai ƙaya, a sallame shi da buhuna, ya zo ya riƙa gasawa yana sayarwa a bakin metiro, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Bana ma haka. Ya dawo ran Asabar da buhu shida, tafin hannunsa duk ƙaya. Ran Lahadi na zauna da allura ina cire masa. Ran Litinin da safe ya sauka zai gyara kurarsa ta gashi, ya zauna a matakala ya dafe ƙirji. Kafin motar asibiti ta iso Allah ya karɓi abinsa. Yau kwana goma.

Ga abin da ya sa na rubuto. Biyar daga buhunan suna cikin ɗaki tare da mu, a gindin gado. Na shida yana barandar Hassia don babu wuri. A da yana da ɗan ɗakin ajiya a ƙasa, can yake kula da su, ni ban san yadda yake yi ba, to mai gidan hayar ya karɓe ɗakin tun watan Yuni. Na yi niyya ranar sadakar arba'in, 29 ga Nuwamba, a gasa su a raba, a masallacin gidan kwanan ma'aikata baƙi da kuma bakin metiro inda yake tsayawa, kowa ya ci ya yi masa addu'a. Alhaji Bukari abokinsa, mai shago a bayanmu, ya ce in ba shi ya sayar mini. Na ce ba na sayarwa ba ne. Su ne aikin ƙarshe da hannunsa ya yi. Kowace ƙwaya shi ya sunkuya ya ɗauka.

Shekaranjiya da na tashi alwala na taka wani abu mai laushi. Da na kunna wuta sai ga tsutsotsi farare, gajeru, masu ƙiba, da ɗan jan kai, suna jan ciki a ƙasa. Na share. Jiya sun fi haka. Yau har cikin takalmin Balkisa. Na kwance buhu ɗaya na tarar da wasu 'ya'yan da huji kamar an soka ƙusa, na fasa ɗaya, ciki duk baƙin gari.

Illiassou, na san wannan abu. Shekarar da aka cire ni daga lekol na bar karatu, Baba ya zuba wake a rumbu, buhu ɗaya ne mai ƙwari a ciki. Bayan wata biyu ya sa hannu ya ɗebo gari. Na ga fuskarsa ranar. Haka abin yake farawa, kaɗan-kaɗan, sannan su hayayyafa su cinye duka. Saura wata guda cur, ba za su bar mini komai ba.

An ce karatunka na ƙwarin itatuwa ne, har da na maron ɗin. Baban Balkisa yakan yi dariya ya ce ɗan'uwanki ya ƙetare teku don ya ƙirga tsutsa. To yau ga ni a ƙofar mai ƙirga tsutsa. Ka faɗa mini maganinsu, kuma ka yi sauri.

Yayarka,
Sahadatou

*

Lyon, Litinin 3 ga Nuwamba

Yaya Sahadatou,

Wa alaikumus salam. Ina ƙara yi miki gaisuwar rashi. Allah ya jiƙan Malam Chaibou, ya sa ya huta, ya ba ki haƙuri. Ni lafiya lau, sai mura da ba ta ƙyale kowa a garin nan ba. Ki shafa mini kan Balkisa. Zancen ƙirga tsutsa kuwa a gabana ma ya faɗa ranar suna, sannan ya cika mini aljihu biyu da gasasshen maron.

Abin da kika gani na san shi sarai. Uwarsa wani ƙwaro ne mai launin ƙasa, girman ƙwayar wake, da baki siriri kamar allura wanda ya kusa tsawon jikinsa. A ƙarshen Agusta da cikin Satumba, tun 'ya'yan suna bisa itace a cikin kwansonsu mai ƙaya, take huda su ta sa ƙwai. Hujin yana rufewa, ido ba ya gani. Tsutsar takan yi wata guda da 'yan kwanaki tana ci daga ciki. In ta ƙoshi sai ta huda ta fito, ta nemi ƙasa ta shige, ta kwanta a can har shekara ta zagayo kafin ta zama ƙwaro. Wasu ma sukan yi shekara biyu, wasu uku, suna kwance, kuma wannan ne ainihin abin da nake bincike a kai. Akwai ta biyu, siririya, 'yar wani ƙaramin malam-buɗe-littafi, ita ma tana barin gari a ciki.

A gona maganinsu shi ne a tsince 'ya'yan kullum, kada su daɗe a ƙasa har tsutsar ta samu shiga turɓaya, a ƙone masu huji, wasu kuma su saki kaji a gindin itatuwa. Shi ya sa tsohon nan yake neman hannu mai sauri irin na marigayi. Manyan 'yan kasuwa kuma sukan zuba kayansu a ɗaki su rufe, su sa maganin da ke zama iska, ya kashe duk abin da ke ciki.

Ke ga abin da za ki yi. Ki samu baho ko manyan bokitai ki cika da ruwan sanyi, ki juye maron ɗin. Waɗanda suka taso sama ki kwashe, yawancinsu masu tsutsa ne. Waɗanda suka nutse ki bar su a ruwa kwana tara, kullum ki zubar da rabin ruwan ki ƙara sabo. Abin da ya rage a ciki zai mutu. Bayan nan ki shanya su inda iska ke bi. Tsutsar da kika share kada ki zuba inda akwai ƙasa, ki zuba mata tafasasshen ruwa.

Jibi Laraba za mu tafi gona da malaminmu, za mu tona gindin itatuwa mu ƙirga. Ƙauye ne, ba zan samu takarda a can ba. Zan dawo wajen sha uku ko sha huɗu ga wata.

Ƙanenki,
Illiassou

*

Aubervilliers, Alhamis 6 ga Nuwamba

Ƙanena Illiassou,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan murar ta sake ka. Tarin Balkisa ya yi sauƙi. Ni dai barci ne ba ya zuwa, amma da godiya. Ko da ka ce za ka yi tafiya na rubuto, wataƙila wani abokinka zai kai maka.

Na karanta takardarka sau uku. Na gode da bayanin ƙwaro da dogon bakinsa. Amma Illiassou, ruwa? Kwana tara? Kai ma fa a Mirya aka haife ka. Wa ka taɓa gani ya jiƙa abin ajiya? Ko yayyafi ne ya sauko kan gujiya a shanya, Inna da gudu take fita ba takalmi. Na gaya wa Hassia, ta riƙe baki. Na gwada da 'yan kaɗan a kwano, da gari ya waye na ga ruwan ya yi duhu, na kwashe na goge su da zane ɗaya-ɗaya. Ba zan iya ba. In tsutsa ta ci, tsutsa ce ta ci. In kuwa na ruɓar da su da hannuna, me zan ce?

Amma na ga inda ka ce manyan 'yan kasuwa suna rufe kaya su sa maganin da ke zama iska. Wannan na gane shi, don shi ake yi wa wake a gida. Jiya Alhaji Bukari ya zo gaisuwa, ya tsaya daga bakin ƙofa kamar yadda ya kamata, na karanta masa wurin. Ya ce ai wannan ƙwayar maganin wake ce, masu launin toka ɗin nan da ke zuwa a gwangwani. Ya ce shekara goma ya yi yana sa wa buhunansa a Maraɗi, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa tsira ba. Ya ce yana da ragowar gwangwani ɗaya da ya zo da shi, yana cikin kayansa a sito, zai nemo mini. Ana ƙulla ƙwayar a ƙyalle, a tura tsakiyar buhu, a ɗaure, a lulluɓe da leda, shi ke nan. Har na ji sanyi a raina da na ga maganar mai karatu da ta ɗan kasuwa sun zo ɗaya.

Sanyi ya shigo sosai. Na cusa tsummoki a duk kafar taga, na sa tsohon bargo a ƙarƙashin ƙofa, yanzu ɗakin ba ta inda iska ke shiga. Alhaji ya ce hakan ya fi ma, maganin zai fi kamawa.

Balkisa ta janye katifarta ta kai jikin buhunan. Na hana, ta yi kuka, ta ce nan ne ke ƙanshin Baba. Gaskiya ne kuwa, ƙanshin ganye da ƙasa, irin wanda rigarsa ke yi in ya dawo. Na ƙyale ta.

Ka gaya mini ƙwaya nawa ake sa wa buhu ɗaya na maron, don Alhaji lissafin wake ya sani.

Yayarka,
Sahadatou

*

Aubervilliers, Litinin 10 ga Nuwamba

Illiassou,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Shiru ban ji daga gare ka ba. Kullum Hassia sai ta leƙa akwati sau biyu, har ta fara tsokanata wai ko miji nake jira. Gobe kuma hutun Turawa ne, ba a raba takardu.

Alhaji ya kawo gwangwanin yau da hantsi. Yana bisa kabad, na naɗe shi a tsohon ɗankwali don kada Balkisa ta gani. Ban buɗe ba. Ya ce in sa biyu-biyu a kowane buhu, in ya yi yawa ma ba laifi. Na Hassia ban da shi, ta ce ba za a kai mata magani baranda ba, tana da kyanwa.

Tsutsa ta ƙaru. Yau da safe na cika rabin gwangwanin tumatir. Ina salla suna bi ta gefen darduma. In na yi shiru ina jin kamar motsinsu a cikin buhu, ban sani ba ko kunnena ne. Kowace ɗaya na gani sai in ce ga uwar wasu ɗari. Saura kwana goma sha tara.

Ka ce za ka dawo sha uku ko sha huɗu. Zan jira ka har ran Alhamis sha uku. In mai raba takardu ya wuce ba komai, bayan la'asar zan sa, na ɗauka shirunka yarda ce. Kada ka ji haushi. Kai kana da shekara uku kana kallon tsutsarka tana barci, ni ba ni da su.

Sahadatou

*

TELEGIRAM. LYON, JUMA'A 14 NUWAMBA, ƘARFE 9.40

KADA KI SA ƘWAYA. GUBA CE TANA KASHE MUTUM A ƊAKI. IN KIN SA KU FITA YANZU KE DA BALKISA. A KIRA 'YAN KWANA-KWANA. INA ZUWA. ILLIASSOU

*

Aubervilliers, Asabar 15 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaishe ki, ya jiki, ya jikin Balkisa. Ina rubuta wannan a kicin ɗin Hassia, ita za ta kawo miki asibiti. Ta ce kin ce ba kya son ganina yanzu. Ban ga laifinki ba.

Jiya da safe na dawo daga gona na tarar da takardunki biyu a ƙarƙashin ƙofa. A tsaye na karanta, ban cire takalmi ba. Na ruga gidan waya na buga telegiram, na kira shagon Alhaji sau huɗu ba a ɗauka ba, na hau jirgin ƙasa na rana. Da na iso na tarar da jar mota a ƙofar gidanku, an fitar da mutanen benen duka suna tsaye a titi, tagarki a buɗe. Mutane biyu masu abin rufe fuska suna saukowa da buhunan a cikin ganguna. Ban san ko kuna raye ba sai da Hassia ta hango ni. A asibiti na ga Balkisa ta bayan gilashi. Likita ya ce kun fito a kan lokaci, amma za su riƙe ku kwana uku ko huɗu saboda ƙirji da zuciya.

Laifin nawa ne, kuma ga shi a fili. Kin gaya mini tsoronki, kin ba ni labarin rumbun Baba, ni kuwa na zauna ina kwatanta miki bakin ƙwaro. Abin da ya kamata in fara da shi shi ne wannan: maron ba wake ba ne. Ƙwarin wake suna haihuwa a cikin buhu, su bi ƙwaya bayan ƙwaya har su gama. Tsutsar maron ba ta haihuwa a buhu, ba ta kuma shiga wani ɗan bayan ta bar nata. Tun a bisa itace aka sa ƙwanta. Wadda kika gani a ƙasa ta riga ta gama cinta, ƙasa take nema. Ƙaruwar da kika gani fitowa ce, da kin ƙara sati da sun ƙare. Wanda yake lafiya a buhun nan, da lafiya zai kai ranar sadaka, abin tsoronsa ɗumin ɗaki ne da fumfuna, shi ya sa na ce ruwa. Na ɗauka bayanina ya nuna haka. Bai nuna ba.

Kuma na ambaci maganin 'yan kasuwa ban ce miki a sito ake yi ba, inda ba mai kwana, da ma'aikata masu abin rufe fuska. Ƙwayar nan da ta ji laimar iska take sakin guba. A gida rumbu yana waje, iskar Allah tana kwashewa. A nan bango huɗu ne da taga a toshe.

Alhaji Bukari ya wuni a barandar asibiti. 'Yan sanda sun yi masa tambayoyi sun karɓe abin da ya rage. Dattijo da furfura, yana kuka yana cewa shi ya kusa kashe 'yar Chaibou.

Buhu biyar ɗin sun tafi, za a ƙone su. Na roƙa, sun ƙi, kuma gaskiyarsu. Amma na buɗe na barandar Hassia. Sanyin waje ya taimake shi. A ganina kashi biyu cikin uku lafiyarsu lau. Ban taɓa su da ruwa ba, naki ne, sai abin da kika ce. Gobe dole in koma Lyon.

Ki yafe mini.
Illiassou

*

Aubervilliers, Laraba 19 ga Nuwamba

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa lafiya. An sallame mu jiya. Balkisa ta rame, amma yau ta cinye kwanon shinkafa ta nemi ƙari. Ni sai jiri in na tashi da sauri. Muna ɗakin Hassia, namu an ce a bar shi a buɗe sati guda.

Na ƙi ganinka don ina jin haushinka, ba zan ɓoye ba. Shafi biyu ka rubuto, layi ɗaya da nake bukata babu shi a ciki. Amma a gadon asibiti na yi ta juya abin. Ka ce ruwa, ni na ƙi. Ka ce ba ka nan, ni na mai da shirunka amsa. Ba ka da abin da zan yafe wanda ni ba ni da ninkinsa. Na yafe, kai ma ka yafe mini.

Akwai abin da Hassia ba ta gaya maka ba, na roƙe ta. Gara ka ji daga bakina.

Na sa ƙwayar ran Alhamis bayan la'asar, na lulluɓe da leda. Allah ya sa ledar ta hana Balkisa jin ƙanshin, sai ta dawo gadona ta kwana. Da gari ya waye ɗakin yana wari kamar tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi, kaina kamar ana sara. Balkisa ta yi amai sau biyu, na ce sanyi ne, na ƙara mata bargo. Wajen ƙarfe sha ɗaya Hassia ta buga ƙofa da telegiram a hannu, ta riga ta buɗe ta karanta. Tana shigowa ta toshe hanci ta ce mu fito.

Illiassou, ban fita ba. Na miƙa mata yarinyar na ce ta tafi da ita, ni zan buɗe taga in zauna. Kwana ashirin da biyar ƙafata ba ta ƙetare dokin ƙofar nan ba. Inna ta yi wa Baba takaba wata huɗu da kwana goma a ɗaki ɗaya, ko da ruwa ya rushe katanga ba ta motsa ba. Ni na kasa riƙe masa buhunansa, sai kuma in kasa riƙe masa wannan? A garin nan da ba mu da kowa, abin da ya rage in yi masa ke nan.

Hassia ta ja Balkisa, Balkisa ta cukuikuye zanena da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba, ba ta da ƙarfin kuka. Ta ce, "In ba ki zo ba ni ma ba ni zuwa."

Hassia ta sake ta. Ta tsaya a waje ta dube ni ta ce, "To zauna, Sahadatou. Amma ki sani ita ma zaune take. In an je gaya wa Chaibou a lahira, ke za ki gaya masa, ba ni ba."

Na duba ƙasa na ga leɓen yarinyar ya canza launi. Ban san sanda na ɗauke ta ba. Ba takalmi, ba mayafi, na sauka bene huɗu, na wuce ta matakalar da ya zauna ranar. Minti nawa na ɓata ina gardama a bakin ƙofa ban sani ba, likita ma ban gaya masa ba. Wannan nake gani in na rufe ido.

Malam Youssouf limamin gidan ma'aikata ya zo jiya. Ya ce takabata tana nan ba ta karye ba, addini bai ce mace ta zauna a inda za ta halaka ba, in ci gaba da ƙirga kwanakina a nan har a buɗe ɗakin. Ya yi mini faɗa a hankali.

Jiya da yamma mun juye buhun a bahon wankan Hassia. Ita ta buɗe famfo. Da yawa sun taso, kamar yadda ka ce, Balkisa tana kwashewa da matsami. Na fasa goma daga cikinsu, takwas da tsutsa ko gari. Sauran suna ƙasan ruwa. Hassia ta ce kwana tara za ta yi tana wanka a bokiti saboda Chaibou, kuma sai ta karɓi ladanta a hannunsa ranar ƙiyama. Ruwan ya yi duhu yau. Na zubar da rabi na ƙara sabo, ban kwashe ba. In sun ruɓe ka sani da bakinka na yi.

Yayarka,
Sahadatou

*

Aubervilliers, Lahadi 30 ga Nuwamba

Ƙanena Illiassou,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Takardarka ta ran ashirin da biyu ta iso, na bi abin da ka ce game da shanya. Muna lafiya. Mun koma ɗakinmu, na cire tsummokin taga, gara sanyi.

An yi sadaka jiya. Ba su ruɓe ba. Ran Alhamis muka tsame su, muka baza a kan jarida a baranda, suna ƙyalli kamar sabon goro. Daga buhu shida abin da ya tsira bai cika babban kwando biyu ba. Na zauna da wuƙarsa, 'yar gajeriyar nan mai baƙar ƙota, na tsaga bayan kowanne kamar yadda na sha ganin yana yi, don kada su fashe a wuta. Yatsana ya yi kanta.

Ni ban je ba, ka sani. Alhaji Bukari ne ya zo ya roƙi a ba shi kurar. Ya ce daga bakin ƙofa, "Ki bar ni in yi masa wannan, ko na samu in iya haɗa ido da yarinyar nan." Na ba shi mabuɗin. Bayan an yi addu'a a masallaci aka raba kwando ɗaya, ya tura kurar da kansa har bakin metiro, da babbar rigarsa. Hassia ta ce bai iya ba ko kaɗan, ya ƙone na farko, ya ƙone yatsa, hayaƙi ya sa shi hawaye, mutanen gidan ma'aikata suna yi masa dariya suna karɓa. Turawa suna miƙo kuɗi yana girgiza kai. Wata tsohuwa mai jan keken cefane ta tambayi ina mai wurin, da aka gaya mata ta tsaya ta daɗe, sannan ta karɓi nata ta riƙe a hannu ba ta ci ba. Kafin la'asar sun ƙare.

Balkisa ta kawo mini uku a ƙunshin jarida, ta ɓoye a cikin riga don kada su huce. Na fasa na farko ina tsoron abin da zan gani. Fari tas. Na ci. Tun ranar da ya rasu sai jiya na ji ɗanɗanon abu a bakina.

Abu ɗaya ne ya rage. Da muka dawo ɗakin, Balkisa ta zagaya tana shinshina, ta je gindin gado inda buhunan suke, ta ce ƙanshin Baba ya tafi.

Don haka ga roƙona. Na sa maka sunan tsohon manomin da na ƙauyensa a bayan takardar nan, na kwafo daga ambulan da na samu a aljihun marigayi. Ya sha gaya mini akwai wani babban itace a can, jikin katangar dutse, wanda yake fara tsinta a gindinsa kowace safiya. In Allah ya kai mu Oktoba, kuma aikinka ya bi da kai wajen, ka tsinto mata ko cikin hula ɗaya ne, da ɗan ganyen. Ka ɗauki waɗanda suka faɗo a ranar, kada su kwana a ƙasa. Sauran aikin na iya shi yanzu.

Yayarka,
Sahadatou